Zazzaɓin aladu: cutar da ke tsallaka iyaka ba takarda

A wannan shafi muke taƙaita muku abin da muka tattauna a shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. Daga nan Dugoi a cikin Marwa muna gaishe ku har Garwa, Gidar, Yagwa da Kusuri, da 'yan'uwa na tsallake a Mubi, Yola da Bongor.

Na san tun daga ganin take wani ya riga ya tura baki, yana cewa ina ruwansa da alade, shi da ke kiwon shanu ko fataucin albasa. To, Malam, ka ɗan yi haƙuri ka karanta. Ba batun ci ko rashin ci muke yi ba, wannan malamai sun gama da shi. Batun shi ne hanya ɗaya muke bi da masu kiwon nan, kamiyo ɗaya ke ɗaukar kayanmu da nasu, kuma ranar da hukuma ta kafa shinge saboda annoba, jandarma ba ya tambayar addininka kafin ya tsayar da motarka. Maƙwabtanmu Tupuri, Masa da Mundang da yawansu da kuɗin alade suke biyan makarantar yara, da shi kuma suke sayen gero da atamfa a shagonka. In garkensu ya ƙare, cinikinka ma ya ragu.

Sunan cutar zazzaɓin aladu na Afirka. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Ba ta kama mutum, ba ta kama saniya, tunkiya ko akuya. Amma in ta shiga garken aladu, mai tsananin takan kashe kusan duka. Dabbar za ta yi zafin jiki, ta daina cin abinci, su cure wuri ɗaya, kunne da ciki da ƙafafu su yi ja ko shuɗi-shuɗi, wani lokaci da zawo mai jini, mai ciki ta yi ɓari. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 sai mutuwa. Babu maganinta. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kasuwa ba ta yi mata komai, asarar kuɗi ce kawai.

Asalinta daji ne. A gabashi da kudancin Afirka ƙwayar ta daɗe tana zagayawa tsakanin gadu da wata irin kaska mai laushin jiki da ke zama cikin raminsa. Ba irin kaskar da kuke cire wa shanu ba ce. Gadu yana ɗauke da ƙwayar amma ba ya ciwo, sun saba da juna. Sai da aka kawo aladun gida kusa da shi a ƙasar Kenya aka ga ɓarna, wani likitan dabbobi mai suna Montgomery ya rubuta bayaninta a 1921.

Daga nan labarin ya zama na mutane da kayansu. A 1957 ta ɓulla a Fotugal, kusa da filin jirgin saman Lisbon, bayan an ba aladu ragowar abincin jirgi. Ta koma a 1960, ta shiga Sifaniya, kuma Sifaniya ba ta rabu da ita ba sai 1995. Ka duba, ƙasa mai kuɗi da likitoci ta yi sama da shekara 30 tana fama. A nan Kamaru ta shigo a 1982, ta yi wa masu kiwo na kudu mummunar ɓarna, ta kuma zauna. Wasu ƙasashen yammacin Afirka suka biyo baya: Kwaddibuwa a 1996, Benin, Togo da Najeriya a 1997, Gana a 1999. Mu nan arewa mun daɗe muna jin ta daga nesa, har 2010 da ta iso arewacin Kamaru, a shekarar kuma ta tsallaka kogin Logon ta shiga Cadi ta wajen Bongor. Wanda ya san yadda Yagwa da Bongor ke kallon juna, kwalekwale na kai da kawowa tun safe, ba zai yi mamaki ba.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Me ya sa take tafiya mai nisa haka, alhali alade ba dabbar mashekari ba ce, ba ya bin burtali kamar saniya? Amsar tana cikin taurin ran ƙwayar. Tana rayuwa cikin jini, kashi da nama. Naman da aka sa wa gishiri ko aka shanya zai iya riƙe ta watanni, wanda aka daskarar a firji har shekaru. Tana maƙalewa a takalmi, a wuƙar mahauci, a igiya, a buhu, a taya da dandamalin mota. Saboda haka direban da ya sauke aladu a Yawunde, ya juyo da lodin siminti ko goro bai wanke motar ba, ya tsaya a wani ƙauye aka loda masa buhunan dusa, zai iya zama shi ne ya kawo ta, bai taɓa alade da hannunsa ba.

Sai kuma yadda ake kiwon a yankinmu. Da damina ana ɗaure su saboda gonaki, da rani a sake su suna yawo a bola da bakin kwata, suna cin duk abin da suka samu, har da mushen 'yan'uwansu da aka yar. Ɗaya ya ci, ya koma gida, garke ya kamu.

Amma babbar hanyar, a ganina, tsoron asara ce. Mutum ya wayi gari biyu sun mutu, ya san saura na hanya. Me zai yi? Sai ya kira dillali da dare ya sayar da sauran a rabin kuɗi. Dillali ya ga araha, ya loda, ya nufi kasuwa mai nisa inda ba a ji labari ba. Dabbar da ta kamu takan yi kwana 4 har zuwa 19 kafin ta nuna alama, don haka a ido lafiyarta ƙalau lokacin da take wuce duwan. Ba na zagin mai garken, talauci ne. Muddin mutum ya san in ya kai rahoto za a kashe masa dabbobi ya tashi hannu wofi, zai ɓoye. Hukumar da ke son gaskiya daga bakin masu kiwo sai ta yi tanadin diyya, ta kuma biya da wuri.

Ita kanta ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Masana sun raba ta gida 24. Wadda ta daɗe a Kamaru da yammacin Afirka ita ce ta gida na 1, ita ce kuma ta je Turai a 1957. Ta gida na 2 daga gabashi da kudancin Afirka take. A 2007 ta sauka a ƙasar Jojiya, ana kyautata zaton ta ragowar abincin jirgin ruwa a tashar Poti, ta bi ta Rasha da gabashin Turai, a watan Agusta na 2018 ta shiga Sin, ƙasar da ke da kusan rabin aladun duniya. Miliyoyi suka mutu ko aka kashe, farashin nama ya tashi har a ƙasashen da cutar ba ta je ba. A 2020 kuma da annoba ta afka wa babbar gonar Oke-Aro da ke tsakanin Legas da Ogun, bincike ya nuna ta gida na 2 ce. Wato yanzu iri biyu ke yawo a maƙwabtanmu.

Wannan ƙwaya ba mai saurin sauya kama ba ce kamar ta mura, amma in ta daɗe a wuri tana sauyawa. A Sin an gano masu rauni da ba sa kisa nan take, an kuma gano wadda ta haɗa jinin gida na 1 da na 2. Kada ka ce mai rauni sauƙi ce. Mai kisa da sauri takan ƙare da garken da ta kashe. Mai rauni kuwa tana barin dabbar a tsaye, ramammiya, tana zuwa kasuwa tana rabawa. Batun rigakafi, a 2023 ƙasar Biyetnam ta amince da allurai biyu da aka yi don gida na 2, ana kuma ta muhawara a kan amincinsu. Duk wanda ya zo kasuwar ƙauye da kwalba yana cewa rigakafin wannan cuta ce, kada a saurare shi, a tambayi likitan dabbobi na hukuma.

To me ya rage a hannunmu? Kai direba ko yaron mota, in ka ɗauki dabbobi ko wane iri, ka kankare kashi da tabo tukuna, ka wanke da sabulu, sannan ka bi da ruwan jabel, har taya. Jabel a kan datti ba ya aiki. Kai ɗan kasuwa, in ka ji ana karyar da farashin dabba a wani ƙauye ba dalili, ka tambayi abin da ke faruwa kafin ka ba da motarka haya. Maƙwabcinka mai kiwo kuma ka faɗa masa: ya killace dabbobinsa, sabon saye ya ware shi kamar wata ɗaya, ragowar abinci ya tafasa shi aƙalla minti 30, mushe a binne shi da zurfi, kada a jefa a kogi ko a bar wa karnuka.

Ku makiyaya kuma, duk da wannan ba ta taɓa shanunku, motar da ba a wanke ba ita ce dai ke ɗauko muku boru, shi kuwa boru yana kama saniya, tunkiya, akuya da alade duka.

In an ga mace-mace, a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa na ma'aikatar kiwo ta MINEPIA. Su ne za su ɗebi jini su aika ɗakin gwaji na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa. 'Yan'uwa na ɓangaren Najeriya kuma su je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsu, daga can ake aikawa cibiyar bincike ta Vom a jihar Filato. Kafin sakamako ya fito, kada dabba ko nama ya bar ƙauyen.