Raɗa wa Shafin Intanet Suna

Hausawa na cewa suna linzami ne. Mu ma masu nazarin halittu mun san darajar suna, domin albarkacin tsarin sunayen tsirrai da Linnaeus na ƙasar Suwidin ya daidaita a shekarar 1753, duk inda aka ce Sorghum bicolor an san dawa ake nufi. Haka al'amarin yake ga makaranta ko ƙungiyar ɗalibai da ke shirin buɗe shafi a intanet. Sunan da suka zaɓa, da shi duniya za ta neme su.

Ita kwamfuta da lambobi take gane 'yar'uwarta. Lambobin na da wuyar haddacewa, shi ya sa ake amfani da suna, ta hanyar tsarin DNS da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, wanda ke juya suna zuwa lamba. Kowane suna yana da jiki da kuma wutsiya, wato abin da ke biye da ɗigo. Wutsiyar .com ta kowa ce, .ng ta Nijeriya, .ne ta Nijar, .gh kuwa ta Ghana. Wutsiyar ƙasa takan nuna wa injin bincike mutanen da aka yi shafin dominsu, saboda haka makarantar da ke Kano ba ta yi asara ba idan ta ɗauki .ng.

A da, mutane sukan cusa kalmomin da ake yawan nema a cikin suna, su sami hawa sahun gaba ko da shafin fanko ne. A watan Satumba na 2012 kamfanin Google ya rage wa wannan dabara ƙarfi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da ke ɗaga shafi a yau shi ne ingancin rubutun da ke ciki, da kuma yadda wasu amintattun shafuka ke nuni zuwa gare shi.

To, wane suna ya dace? Da farko ya kasance gajere. Ƙa'ida ta yarda jikin suna ya kai haruffa 63, amma wanda ba za a iya faɗa a rediyo mai sauraro ya rubuta daidai ba, bai yi ba. Na biyu, a yi hattara da ɓ, ɗ da ƙ. Yawancin masu rubutu b, d da k za su danna, alhali kuwa ƙasa daban, kasa daban. Gara a nemi kalmar da ba ta da lanƙwasa. Na uku, a bincika tarihin sunan, don wataƙila wani ya riga ya ɓata shi da damfara, sabon mai shi ya gaji baƙin jinin.

Daga ƙarshe, a sani cewa suna haya ake karɓarsa, yawanci shekara-shekara. Makarantar da ta bar rajista a hannun ɗalibi guda, ya gama ya tafi, tana iya wayar gari sunanta yana hannun wani. Malamai su tabbata da sunan makaranta aka yi rajistar, kuma an rubuta ranar sabuntawa a littafin ofis.