Hular Bama da Ƙullin Gudun Hijira

Duk wanda ya zaga kasuwar Wuse a Abuja zai ga huluna jere, mai shago yana kiran sunayensu: zanna bukar, damanga, ƙube, hular Bama. Mutane kaɗan ne ke tsayawa su tambayi hannun da ya ɗinka su.

A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, Bama ta biyo baya a Satumba. Jama'a suka watse. Wasu suka tsaya a sansanonin Maiduguri irin su Dalori, wasu, musamman mutanen Gwoza, sai da suka dangana da Durumi da Kuchingoro a nan Abuja. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar gado ko jeren kwalla. Zani ɗaya ne ke zama komai: da shi za a goya yaro, a ƙulle ɗan abin da ya samu, dare ya yi a shimfiɗa shi, in an sami masauki a rataya shi labule.

Amma akwai kayan da ba a iya ƙwacewa, wato abin da hannu ya sani. Matan Bama sun fito da ɗinkin hula a yatsunsu. Allura, zare da ƙyallen da aka zana wa ado sun wadatar. Mace za ta zauna bakin tanti tana cike zanen ɗinki bayan ɗinki, hula ɗaya ta ci makonni. Kuɗin cefane ne, kuma shaida ce cewa garin bai mutu ba, tunda har yau da sunansa ake kiran hular.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. Matan Falasɗinu da aka raba da ƙauyukansu a 1948 sun ci gaba da surfanin da ke nuna yankin kowace mace, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2021.

Saboda haka in ka ɗauki hular Bama, juya cikinta ka dubi aikin kafin ka fara taya ta da arha. Wataƙila ita kaɗai ce gadon da mai ɗinkinta ta tsira da shi.