ZAƁEN DANDALIN KAFA KANTI A INTANET: RUMFAR KASUWA, GIDAN HAYA, KO GININ KAI



Abin da aka nemi in yi bayani a kai shi ne yadda ɗan kasuwa zai zaɓi inda zai kafa kantinsa a intanet. Tambayar da aka saba yi ita ce, wane dandali ya fi kyau? A ganina an fara daga inda bai kamata ba. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, idan ciniki ya faɗa, mai sayen nan na wane ne, naka ko na mai dandalin?

Bari mu ɗauki misali daga fataucin goro na zamanin da. Falke ya kan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Falken ya huta da neman kasuwa, amma masu sayen fatoma suka sani. Haka abin ya ke a manyan kasuwannin intanet irin su Amazon, wanda ya fara sayar da littattafai a 1995 ya kuma buɗe wa sauran 'yan kasuwa ƙofa a 2000, ko Jumia da Konga waɗanda aka kafa a Ikko a 2012. Mutum ya kan jera kayansa a shafinsu, su ne masu jawo jama'a, su karɓi kuɗi, sau da yawa su kai kaya, su cire kasonsu gwargwadon irin hajar. Amfanin wannan a fili ya ke ga wanda ba a san sunansa ba. Illar kuwa ita ce, kayanka suna jere ne kafaɗa da kafaɗa da na abokin takararka, kuma wanda ya rage naira ɗari shi ne zai yi ciniki. Daɗin daɗawa, dokokin gidan na maigidan ne. Zai iya ƙara la'ada, ko ya rufe wani sashe, kamar yadda Jumia ta daina harkar kai abinci a ƙarshen 2023, masu gidajen abincin da suka dogara da ita kuwa ba su da ta cewa.

Hanya ta biyu ita ce haya. Shopify shi ne mafi shahara a nan. Tobias Lütke da abokansa sun so su sayar da allunan wasan ƙanƙara a birnin Ottawa ta Kanada a 2004, ba su sami manhajar da ta gamsar da su ba, sai suka rubuta tasu, suka fara ba da ita haya a 2006. Mai haya ya kan sami kanti da sunansa, da tsarin karɓar oda da lissafin kaya, ba tare da ya san komai game da rubuta manhaja ba. Amma Shopify ba ya kawo maka ko mutum ɗaya. Kamar shago ne mai kyau a bayan gari. Kai za ka yi talla har a san hanyarsa.

A nan ina so in ɗan tsaya, domin akwai abin da masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba su cika kula da shi ba. Kuɗin hayar nan da dala a ke biya kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan mai ɗinkin huluna da ke sayarwa da naira ya wayi gari hayarsa ta ninka fiye da sau uku, alhali Shopify bai ƙara masa ko kwabo ba. Har ila yau, zai bi ta hannun kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, su ɗauki nasu kason, Shopify kuma ya ɗauki wani ƙari domin ba a yi amfani da tsarin biyansa ba. Wanda ke sayar wa mutanen Turai da Amurka, yana karɓar kuɗin waje, wannan bai dame shi sosai ba. Wanda kasuwarsa ta tsaya a Kano da Kaduna kuwa, lalle ne ya zauna da alƙalami kafin ya sa hannu.

Saura ginin kai. WooCommerce, wadda ta fito a 2011 a kan tsarin WordPress, kyauta ce, kuma duk wanda ya ga dama zai iya gyara ta yadda ya ke so. Kada kalmar kyauta ta ruɗe mu. Za a biya kuɗin wurin ajiyar shafi da na sunan adireshi kowace shekara, kuma idan shafin ya lalace ko ɓarayi suka kutsa, babu wanda za a kira sai ma'aikacin da ka ɗauka. Hukumomi da ƙungiyoyin gama kai masu ma'aikacin kwamfuta na dindindin su ne wannan hanya ta fi dacewa da su. Shawarata ga ma'aikatan gwamnati da ke duba irin wannan kwangila ita ce, a tabbata an yi rajistar sunan adireshin da sunan hukumar, domin idan ɗan kwangila ya rubuta shi da nasa sunan, ranar da aka ɓata da shi ya tafi da mabuɗin kantin.

Da yawa daga cikin matan da ke sana'ar atamfa da turare ba su shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, su ke jera kaya, a turo kuɗi ta banki, a aika da kayan ta tasha. Muddin oda ba ta fi ƙarfin littafi da waya ɗaya ba, ban ga dalilin da zai sa a matsa musu su koma inda za su riƙa biyan haya da dala ba.