Daga Battar Taba Zuwa Sigarin Lantarki: Lissafin Da Ke Gaban Ɗan Kasuwar Kafanchan

Haɗa taba a gida ba sabon abu ba ne a kudancin Jihar Kaduna. A kasuwannin Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia, kamar sauran kasuwannin Arewa, an daɗe da sanin masu sayar da garin taba, waɗanda ke busar da ganye, su daka shi, su gauraya da kanwa, mai saye kuma ya ɗura a batta ya soke a aljihu. Kanwar nan ba don ɗanɗano kawai ake zuba ta ba, ita ce ke sa sinadarin nikotin ya ratsa fatar baki ko ta hanci da sauri. Jarin sana'ar bai wuce turmi da rariya da kuɗin ganye ba, kuma babu wani abu a cikinta da ake sayowa da Dala.

Yanzu wani salon haɗin gida ya ɓullo a duniya, wato na sigarin lantarki, wanda maimakon ƙona ganye yake dafa wani ruwa ya mai da shi tururi. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003, kuma har yau birnin Shenzhen ne ke ƙera mafi yawan wanda ake sha a duniya. A 2023 ƙasar Sin ta sayar wa ƙasashen waje kayan wannan sigari na kimanin Dala biliyan 11. Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Abuja ko Jos ko Legas, yana kuma kallon ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ba abin mamaki ba ne idan ya fara tunanin ko akwai abin samu a nan. Garin da ya tashi a kan mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927 ya saba da karɓar baƙon kaya. Bugu da ƙari, tun da cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta jawo hasarar da gwamnatin tarayya ta ƙiyasta ta haura Naira biliyan 12, masu ɗan abin hannu a yankin suna neman inda za su raba ƙafa.

Na'urar kanta ba ta da wuyar fahimta. Akwai batir, akwai ɗan tankin ruwa, akwai kuma zuciyar abin, wato kwayil: siririyar waya da aka naɗe kamar zobba, aka zura auduga ta tsakiyarta. Audugar ta tsotso ruwan, wayar ta yi zafi, tururi ya tashi. Kwayil ɗin da kamfani ya haɗa yakan ƙone cikin mako ɗaya ko biyu, dole a sayi wani, kuma a nan ne mai shago ke samun ciniki mai maimaituwa. Masu sake naɗi a gida sun fito ne domin su kuɓuta daga wannan kashe kuɗi. Kayan aikinsu su ne wayar Kanthal, wadda haɗin ƙarfe ce da kuromiyam da alminiyam da aka fara yi a Suwidin, ko wayar nikel da kuromiyam irin ta cikin dutsen guga, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai audugar da ba a wanke ta da sinadari ba, da ɗan sandan naɗi, da filaya mai yankan waya, da hantsaki mai bakin tangaran, da ƙaramin sukudireba, da mitar auna ƙarfin turjiyar waya. Duk mai sake naɗin kwayil ɗin fanka ko na janareta a bakin kasuwar Kafanchan zai koyi aikin kafin la'asar.

To, a nan lissafin ya fara juya wa ɗan kasuwa baya. Kwayil guda ba ya cin waya fiye da santimita 15, saboda haka ƙullin mita 10 zai ba da sama da 60. Mutumin da ya sayi ƙulli ɗaya da akwatin kayan aiki ɗaya ya yi sallama da shagon na shekara guda ko fiye. Kaya ne masu arha, masu jinkirin fita, waɗanda kuma amfaninsu shi ne su rage wa mai shago ciniki. Har ila yau duniya ta riga ta juya: tun wajen 2021 sigarin da ake sha a yar ya mamaye kasuwa, masu naɗi da hannu suka koma 'yan tsiraru masu sha'awa, ko a Ingila da Amurka. A Nijeriya kuwa tushen kasuwar tun asali ƙarami ne. Binciken da aka yi a 2012 kan shan taba tsakanin manya ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne ke amfani da ita, kashi 3.9 suna busawa, kashi 1.9 suna shaƙa ko ƙunsawa. Daga cikin waɗannan sai a cire talakan da ke sayen kara ɗaya, a cire tsohon da ba zai rabu da battarsa ba, a ga ko mutum nawa suka rage a ƙaramar hukumar Jama'a.

Sai batun kuɗin musaya. Waya da batir da tanki duk daga waje suke. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da kayansa a hankali cikin wannan tsakani ya ga riba a littafi, amma da ya koma sari sai ya tarar kuɗin ba su sayen rabin abin da ya fitar. Kayan da ke kwana a kanta wata shida ba su dace da kuɗin da ke iya faɗuwa haka ba.

Ribar gaske tana cikin ruwan, domin shi ake shanyewa kullum, kuma a nan ne haɗarin ya taru. Abubuwa huɗu ake haɗawa: gilisarin, da furofilin gilaikol, da kayan ƙanshi, da nikotin. Kayan aikin ba su da tsada, sirinji ne da ƙaramin sikeli da kwalabe da safar hannu, abin da ke sa mutum ya ɗauka aikin bai fi dama kunu ba. Gilisarin ragowar aikin sabulu ne da man dizal na tsirrai, Indunusiya da Maleshiya ne manyan masu fitar da shi, amma wanda ya dace da jikin mutum dole ya kasance mai tsabtar magani, ba wanda ake aunawa a kwalbar da ba ta da suna a rumfar masu kayan sabulu ba.

Furofilin gilaikol kuwa yana da tarihin da bai kamata kowa a wannan yanki ya manta ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan maganin farasitamol. Da aka bi diddigi, sai aka gano an sayar wa masu haɗa maganin dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda, a matsayin furofilin gilaikol. Su biyun suna kama a ido, dukansu fari ne garau mai ɗan zaƙi, na gubar kuma ya fi arha. Wannan bala'i na cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka abin ya sake faruwa tsakanin 2008 da 2009, inda maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya halaka yara 84, sannan a Gambiya a 2022 aka rasa yara kusan 70 ta irin wannan hanya. Idan masu haɗa magani, da takardun shaidarsu da ɗakunan aikinsu, sun faɗa wannan rami, mai haɗawa a bayan shago a Kafanchan, wanda ba shi da hanyar gwada abin da ke cikin jarkar da aka aiko masa, bai fi su tsira ba. Daga Kafanchan zuwa Jos ba wata tafiya ba ce.

Nikotin ɗin da masu haɗin gida ke saye ba irin na cikin batta ba ne. A wasu ƙasashe ana sayar da shi da ƙarfin miligiram 100 a kowace mililita, wato kwalba mai mililita 100 tana ɗauke da giram 10. Mai shan kara guda na sigari miligiram 1 zuwa 2 kawai ke shiga jininsa. Ruwan yana ratsa fata, kuma kurɓi kaɗan ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Hakan ya faru a Jihar New York a Disambar 2014, abin da ya sa Amurka ta kafa dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa a 2016. Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙarfin da za a sayar wa jama'a kada ya wuce miligiram 20 a mililita, kwalba kuma kada ta wuce mililita 10. A gidajenmu da yara ke shiga kowane ɗaki, ana kuma zuba kananzir a robar lemo, ajiye irin wannan kwalba ganganci ne.

Akwai wata dabara da ba za ta rasa zuwa wa mutumin ƙasar citta ba: tunda ana neman ƙanshi, me zai hana a yi amfani da man citta na gida? Amsar ita ce huhu ba ciki ba ne, mai ba ya narkewa a cikinsa. A 2019 Amurka ta ga annobar ciwon huhu da ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti, ta kashe 68 zuwa Fabrairun 2020, kuma babban abin da aka ɗora wa laifin shi ne wani mai na bitamin E da masu haɗin bayan fage ke kauraɗa ruwan wiwi da shi. Kasuwar man citta tana wajen masu abinci da lemo da magani.

Batir ma yana da nasa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne mai lamba 18650, irin na cikin tsohuwar kwamfutar cinya da fitilar caji. Idan ya cika yana ba da bolt 4.2, a haɗa shi da kwayil mai turjiyar om 0.2, zai ja amfiya 21. Batirin da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta aka sake masa riga, irin wanda ya cika kasuwannin kayan waya, ba a yi shi don ɗaukar ko rabin haka ba, kuma idan ya yi bindiga a bakin mutum yake yi. A watan Mayun 2018 wani mutum ya mutu ta haka a Jihar Florida.

Ta fuskar doka, Jihar Kaduna ta san taba tun da Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, kafin kamfanin BAT ya haɗe shi a 2000 ya kuma buɗe ta Ibadan mai Dala miliyan 150 a 2003. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayarwa ga wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da kara ɗaiɗai, da talla, amma da ganyen taba a zuciya aka tsara ta, ba ta yi wa sigarin lantarki dalla-dallan tanadi irin na Turai ba. Wasu na ɗaukar wannan giɓi a matsayin dama. A ganina shi ne babban haɗarin jarin, domin giɓin doka dare ɗaya ake toshe shi, kayan da ke kanta kuma su zama na kwasowa. Indiya ta haramta abin ɗungurungum a 2019. Sin da ke ƙera shi ta hana sayar da mai ƙanshin 'ya'yan itace a cikin gidanta tun Oktoban 2022. Birtaniya ta haramta na sha a yar daga 1 ga Yuni, 2025. A nan gida, a 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su murƙushe cinikin shisha mai ƙanshi, kuma tarar Dala miliyan 110 da hukumar kare masu saye ta ci kamfanin BAT a Disambar 2023 ta nuna gwamnati ba ta ɗauki harkar da wasa ba.

Inda ba a haramta ba, haraji ke biyo baya. Nijeriya ta fara ɗora wa kowane karan sigari Naira 1 a watan Yuni na 2018, ya kai Naira 2.90 a 2020, ya koma Naira 4.20 a 2022, ban da harajin da ake ɗauka bisa darajar kaya. Afirka ta Kudu ta riga ta miƙa hannu ga ruwan sigarin lantarki, inda ta fara karɓar Rand 2.90 a kan kowace mililita daga 1 ga Yuni, 2023, ko da nikotin a ciki ko babu. A kan wannan ma'auni, kwalba mai mililita 100 ta ɗauki harajin Rand 290 tun kafin mai shago ya ɗora ribarsa.