Wai Keke Yana Kashe Maza?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo titunan Kano. Duk wanda ya tsaya da sassafe a hanyar Sharaɗa ko ta Panshekara zai ga masu gadi da leburori da ma'aikatan kamfanonin roba da na fata suna ta wucewa, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariya. To sai ga wata tsohuwar magana ta biyo keken ta dawo: wai hawansa yana kashe gaban namiji, wai yana hana haihuwa. A majalisa ana faɗa, a WhatsApp ana turawa, mai maganin gargajiya kuma yana ƙara mata gishiri da lasifika a bakin kasuwa. Har ta kai magidanci ya jingine kekensa a zaure, yana zuba wa adaidaita sahu kuɗin da ya kamata ya zama na cefane. Wallahi abin ya isa.

Maganar tana da ɗan tushe, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Tsakanin maraina da dubura akwai jijiyoyi da hanyoyin jini da suke bi zuwa gaba. Idan mutum ya zauna a kan siririn sirdi mai tauri, musamman wanda bakinsa ya ɗaga sama, ya daɗe bai motsa ba, nauyinsa zai danne wurin har ya ji ya mutu. Irin mijiryar da ƙafa take yi ne in an daɗe a tanƙwashe a kan tabarma: ka miƙe, jini ya zagaya, ta sake ka. A 1997 wani likitan mafitsara na birnin Boston a Amurka, Irwin Goldstein, ya fito ya ce keke na iya jawo wa maza rauni, jaridu suka ɗauka suka yayata. Amma shi marasa lafiyar da suke zuwa wurinsa yake gani, bai ga miliyoyin da suke hawa lafiya lau ba.

Da aka zo aka bincika da kyau fa? A 2014 masana a Landan suka tambayi maza mahaya keke sama da 5,000, ba su sami alaƙa tsakanin yawan hawa da raunin gaba ko rashin haihuwa ba. A 2018 wasu likitoci daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka kwatanta maza kusan 4,000, wasu mahaya keke, wasu masu gudu, wasu masu ninƙaya. Ta fuskar kwanciyar aure da fitsari, mahaya keke ba su gaza sauran ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne mijiryar nan, ya kuma nuna tana raguwa ga wanda yake yawan tashi tsaye a kan feda, tana ƙaruwa ga wanda kan kekensa ya yi ƙasa da sirdi. Ko 'yan sandan Amurka masu wuni suna sintiri a kan keke, da aka canja musu sirdi zuwa marar dogon baki, kokensu ya ragu. Ashe laifin na sirdi ne da yadda aka ɗaura shi.

Kai, mu bar Turawa. Wa ya haife mu? Iyayenmu da kakanninmu da Rali suka yi rayuwa. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya kafa a nan Bompai saboda yawan ciniki. Daga Kumbotso, daga Gezawa, daga Dawakin Kudu, mutum zai ɗoro buhu a kariya ya tako har Kurmi ko Sabon Gari, ya sayar, ya koma gida kafin magariba, shekara da shekaru. Je ka ƙirga 'ya'yan da ya bari. Da keke yana kashe maza, da ƙauyukan Kano sun zama kufai tun zamanin Sardauna. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma ba a daina suna a can ba.

Abin haushin shi ne mai wannan magana yakan faɗe ta ne yana zaune a benci, taba a hannu, ya tura yaro ya sayo masa lemon kwalba. Ciwon suga, hawan jini, taba, tumbi da tiramol, su ne suke kwantar da maza. Kuma yawancinsu motsa jiki ne yake rage su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda yake zuwa Chalawa ya dawo a keke kullum ya cika wannan ba tare da ya biya kowa ko sisi ba. Na lura ma wasu masu yaɗa jita-jitar kunya ce take damun su, kada a gan su a keke a ce sun talauce, sai suka laƙa wa abin cuta.

Akwai wani nau'in keke da ya cika kasuwar gwanjo yanzu, mai kaurin taya da giya da yawa, wani har da sifirin a gaba. Shi ne keken hawan dutse. Wasu samari ne a Kalifoniya suka fara shi a shekarun 1970, suna gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna, kuma a 1996 ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Ga mai tsoron sirdi, wannan ne ma ya fi dacewa da shi, domin a hanya mai gargada rabin tafiyar a tsaye kake yin ta.

Kuma muna da wuraren hawansa. Dala da Gwauron Dutse na ƙafa ne, gidaje sun kewaye su, kada wani ya ce zai gwada bajinta a can. Amma da ka yi kudu ƙasa takan fara tashi. Wajen Rano da Rurum akwai manyan duwatsu jibge a kan juna, ga tafkin Tiga da aka datse zamanin Audu Baƙo shimfiɗe a gefe, ga hanyoyin ƙafa da manoma da makiyaya suka riga suka fitar tsakanin gonaki. Bayan damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma hazo bai sauko ba, mutumin da ya saba da hayaƙin Sharaɗa da warin kwatar majema zai yi mamakin cewa a jiharsa yake. Can ƙarshe, bayan dajin Falgore, Riruwai ce a ƙaramar hukumar Doguwa, inda tsaunukan da suke haɗewa da na Jos suka fara, garin da aka san shi da haƙar kuza. Na Zariya suna da Kufena a bayan Wusasa, na Jigawa suna da duwatsun Dutse da dabinonta.

Yanzu ga gyara, kuma da sirdi za a fara. Ka sa mai gyaran keke ya daidaita shi ya kwanta sosai, bakinsa kada ya kalli sama. Tsayinsa kuwa, ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai ba tare da ƙugunka ya karkace ba, ya yi. Da yawa suna hawan keken da ya fi ƙarfinsu, suna lilo dama da hagu, wannan gugar ita ce take jin ciwo. Ka nemi sirdi mai faɗin da zai ɗauki ƙasusuwan mazaunanka biyu, in da hali mai rami a tsakiya. Kada ka naɗe shi da tulin soso da tsumma kana ganin gata ka yi wa kanka, domin in ka nutse a ciki, tsakiyar ce take tasowa ta danne inda kake gudu a danne. Kan keke ya yi daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi tsayi. Duk bayan minti goma ka miƙe a kan feda na ɗan lokaci, haka ma duk inda ka hango rami.

Sai birki. A gangara ana riƙe duka biyu ne a hankali, mutum ya ja jikinsa baya. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai zai tsinci kansa a gaban kekensa. Kafin ka fara hawan tudu ka sauke giya, kada ka bari sai sarƙa ta ɗaure. Hular kwano dole ce, ko da za a yi maka dariya. Dutse bai san kai ba. Jallabiya da wando mai faɗin ƙafa sarƙa tana cin su, a naɗe ko a ɗaure. Ka riƙe famfo da kayan faci, saboda tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa raga wa tayar kowa. Ruwa ya fi abin da kake zato za ka sha. A fita bayan asuba a dawo kafin rana ta take, a watan Afrilu kuwa, da zafi yake haura digiri 40, a haƙura da doguwar tafiya.

Kada ka shiga daji kai kaɗai. In kun isa gari ku fara gaida mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tambayi hanyar da ake bi da wadda aka daina bi. Falgore ta sha fama da ɓarayin daji, a ratsa ta a mota da rana, a sauke kekuna inda mutanen gari suka ce lafiya. Ba a taka shukar mutane, ba a kutsa cikin garken shanu. Mai zuwa aiki a cikin gari kuma, tirela ce babbar abokiyar gabarsa: direbanta ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa, musamman in zai sha kwana. Mai tashi aikin dare ya sa fitila gaba da baya.

In ka gyara duk wannan amma mijiryar ta kwana ba ta sake ka ba, ko ka ga rauni a kwanciyar aure, ka ajiye keken na kwana biyu ka tafi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka nemi likitan mafitsara. Ka ce a gwada maka suga da hawan jini tun a ranar.