Ko ka sani? Rabin jar akuya daga bunsuru yake

Duk wanda ya bi hanyar Tambuwal da hantsi, ya ratsa ta Jabo ko ya gangara Kebbe, zai ga awaki jajaye suna kiwo a bakin gona, gashinsu gajere yana sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. Mu da muka tashi da su ba ma ɗaukar su a bakin komai. To amma wannan akuya ita ce duniya ta sani da jar akuyar Sakkwato, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna kiranta akuyar Maraɗi. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Majemanmu suka jeme ta da bagaruwa, wata ƙasa ta tafi da sunan.

Me ya sa fatar ta fita daban? Laushinta da ƙarfinta gado ne, haka launin, haka yawan haihuwar tagwaye da aka san ta da shi. Bahaushe ya riga ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne nuna inda gadon yake ajiye. A cikin ƙwayoyin jikin akuya akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani, ana kiransu kuromosom, guda 60. Ɗan akuya yana karɓar 30 daga uwa, 30 daga bunsuru. Tunkiya 54 gare ta, mutum 46. A jikin zarurrukan nan sinadarin DNA yake, wanda aka gano siffarsa a 1953, kuma shi ke ɗauke da bayanin launi da tsawon ƙafa da yanayin fata.

Akwai abin da ke ɗaure wa masu kiwo kai. Uwa ja, uba ja, bayan wata biyar sai ga ɗa baƙi a turke. Nan take uwar gida za ta ce, "Bunsurun wa ya shigo mana?" Wataƙila ba wanda ya shigo. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno na ƙasar Cek ta yau, ya bayyana dalilin tun 1865, bayan ya shafe shekaru yana gwaji da wani nau'in wake. Ya haɗa dogo da gajere, duk 'ya'yan suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa, sai gajarta ta dawo a kusan ɗaya cikin huɗu. Wato wata siffar tana rinjaye, wata tana laɓewa, sai ta haɗu da irinta daga ɓangaren uwa da na uba sannan ta fito fili. Wannan lissafin ne ke aiki a cutar sikila: mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Sai dai ba kome ake gada ba. Tabon ƙaya da ƙazuwa da yankan wuƙar mai fiɗa duk suna karya farashin fata, amma ba sa bin jini zuwa ɗa. Akuyar da ta rame don rashin harawa ba ta lalata irinta ba, yunwa ce kawai.

A yau ana iya ɗaukar maniyyin bunsuru a daskarar da shi a kai wata ƙasa, kuma tun 1996 aka samar da tunkiya Dolly a Sukotland daga ƙwayar jikin wata tunkiya. Amma fasahar da ta fi kusa da mu ita ce zaɓen iri. A Maraɗi akwai cibiyar kiwon awaki da aka kafa a 1963, tana renon jajayen bunsuraye tana raba wa ƙauyuka. A Shika kusa da Zariya ma cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nazarin irin.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi a gida. Suna ya taso ko an tashi sayen taki, sai a kama bunsurun da ya fi kowane kyau a kai kasuwa, domin shi ne mai kuɗi. Wanda ba mai taya shi, shi ake bari ya yi ta barbarar garke, har 'ya'yansa da jikokinsa. Akuya ɗaya ɗa ɗaya zuwa uku take bayarwa a haihuwa, bunsuru ɗaya kuwa yana iya zama uban rabin awakin unguwa.

Don haka, mai kiwo, in za ka sayar, ka sayar da taure. Jan bunsuru mai ƙira, wanda uwarsa ke haifar tagwaye ta kuma shayar da su, ka riƙe shi. Bayan shekara biyu ka yi musanyarsa da na wani ƙauye, kada ya hau 'ya'yansa.