Almajirin Yesu: abin da ake faɗa da abin da ke rubuce

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkensa ya fara fitowa a 1932, zai tarar ana kiran mabiyan Yesu Almasihu da sunan da muka saba ji a tsangaya: almajirai. Masu fassara ba su yi kuskure ba. Kalmar Girkanci da ke cikin Sabon Alkawari ma'anarta mai koyo, tamu kuma daga Larabci ta zo, tana nufin wanda ya yi ƙaura, a wurinmu ƙaurar neman ilimi. Almajirin Yesu ke nan mutum ne da ya zauna a ƙarƙashin malami ɗaya, yana sauraronsa, yana kwaikwayon halinsa. Yawancin maganganun da ke yawo a kan wannan batu, a bakin Kirista da wanda ba Kirista ba, wannan ma'ana suke karkatarwa.

Ana cewa almajiran Yesu sha biyu ne kawai, kuma da mutuwarsu almajirci ya ƙare. Gaskiyar da ke ciki ita ce Yesu ya keɓe mutum 12 ya kira su manzanni. Amma Luka a Linjilarsa ya nuna daga cikin taron almajirai aka zaɓo su, ya kuma ba da labarin wasu 70, ko 72 a wasu tsofaffin rubuce-rubucen, da aka aika biyu-biyu. Akwai mata masu bi suna hidima da dukiyarsu, irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Susana, sannan littafin Ayyukan Manzanni ya kira Tabita ta garin Yafa almajira kai tsaye. Nan ne kuma wata maganar take faɗuwa, wai almajirci matsayi ne na fastoci da 'yan makarantar Baibul, sauran jama'a Kiristoci ne kurum. A Antakiya, wadda yau take cikin Turkiyya, almajirai ne aka fara laƙaba wa suna Kirista. Sau uku kacal wannan suna ya fito a Sabon Alkawari, kalmar almajiri kuwa ta haura sau 250. Mai cewa shi Kirista ne amma almajirci ba nasa ba ne ya ɗauki laƙabi ya bar ainihin suna.

Wani zai ce: ai Bitrus da Andarawus sun bar tarunsu, Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji, ashe almajirci barin sana'a ne da zaman jiran sadaka? Sun bari, ba gardama. Sai dai mutumin da aka warkar a ƙasar Garasinawa ya roƙa a bar shi ya bi, aka mai da shi gida ya ba danginsa labari. Zakka bai bar Yariko ba, dukiyarsa ya raba, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. Manzo Bulus da hannunsa ya ɗinka tanti a Koranti, ya kuma tsawata wa masu zaman kashe wando a Tasalonika.

Maganar da ta fi ciwo ita ce ta iyaye, domin a ƙasar Hausa babu abin da ya kai albarkarsu nauyi. Ana yaɗa cewa Yesu ya umarci almajiransa su ƙi uwa da uba. Kalmar ƙi tana nan a babi na 14 na Luka, kuma rashin gaskiya ne Kirista ya yi kamar babu ita. Amma Matiyu ya kawo koyarwar nan a babi na 10 da lafazin fifiko, wato kada son iyaye ya wuce na Almasihu, kuma Yahudawan lokacin sun saba faɗin ƙi inda suke nufin sa abu a matsayi na biyu. Hujjar da ta fi ƙarfi halin malamin ne kansa. A babi na 7 na Markus ya zargi malaman da ke ba mutum damar keɓe dukiyarsa da sunan Allah don ya kauce wa ciyar da iyayensa, a kan gicciye kuma ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Matashin da ya raina tsohuwarsa da sunan bin Yesu ya saɓa wa wanda yake cewa yana bi. Abin da ya rage gaskiya a maganar, kuma mai nauyi ne, shi ne idan dangi suka ce zaɓi mu ko shi, an riga an faɗa wa almajiri inda zai tsaya.

Saura wa'azin da ke cewa bin Yesu tabbacin arziki da lafiya ne. Wannan ya fi sauran damuna, don talaka yake cuta, ya sa shi zargin bangaskiyarsa duk lokacin da tukunya ta kwana babu wuta. Gicciye aka ce almajiri ya ɗauka, kuma a daular Rumawa itacen kisa ne. Istifanas jifansa aka yi, Yakubu ɗan Zabadi kuma, ɗaya daga cikin ukun da suka fi kusa da Yesu, Sarki Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi.